Kyamarar da Baba ya taho da ita daga Makka

Ranar wata Asabar ɗiyar Addata ta shigo gidanmu, ko mayafi ba ta cire ba ta ce "Kawu wai har yanzu kyamarar Alhaji tana nan kuwa?" Na ce wace kyamara kuma, ta ce 'yar ƙaramar nan mai ruwan azurfa da take gani a hannunsa lokacin suna yara, wacce in an kunna ta idonta ke turowa waje da wata 'yar ƙara. Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don rabona da ko tuna kyamarar nan tun kafin rasuwar Baba, kuma Baba ya rasu tun 2016, Allah Ya jiƙansa da rahama. Na ce mata me za ki yi da ita ke da kike riƙe da waya mai ido uku a baya, ta ce ai Kawu ba ka sani ba, yanzu ita ake yayi, ƙawayenta a makaranta nema suke ruwa a jallo, wai hotonta ya fi na waya "rai". A TikTok suka gani. Ni dai ban ce komai ba, na ce bari mu tambayi Inna.

Inna ta ce mu duba adakar Baba, in tana nan toh can take. Adakar ƙarfe ce koriya, tun rasuwarsa ba a cika buɗe ta ba sai in za a sa maganin asu. Muka ɗaga manyan riguna biyu, da zannuwan ihraminsa, da wata jaka mai takardun gona, can ƙasa a cikin safa ƙafa ɗaya sai ga ta. A cikin safa yake ajiye ta dama, na tuna, wai kar ƙura ta shiga idonta. Canon ce, IXUS 95 IS, girmanta bai wuce sabulun wanka da aka ɗan yi kwana biyu ana amfani da shi ba, igiyar da ake ratayawa a hannu har ta yi baƙi sabida gumin hannunsa. Ya sayo ta ne a aikin Hajjin 2009, shekarar da aka yi ambaliyar nan a Jidda ana fara aikin Hajji, har muka kwana biyu hankali a tashe muna bin rediyo. Da ya dawo kowa ya samu tsarabarsa, dabino da zamzam da bagaruwar Makka da jallabiya, ita kuma kyamara ya ce ta gida ce, ba ta kowa ba, amma a aljihunsa ta zauna har ƙarshe.

Na danna maɓalli ba ta kawo ba, dama ban sa ran za ta kawo ba. Na buɗe murfin ƙasa, batirin ya kumbura har sai da na sa tsinken sakace na turo shi a hankali. Amma kusa da batirin ga katin memori nan zaune abinsa, SD mai giga 2, shuɗi. Gabana ya faɗi. Ban san dalili ba a lokacin, kawai dai na ji kaman na taɓa wani abu da bai kamata in taɓa shi da garaje ba.

Da daddare bayan isha na zura katin a laftof, ina cewa ko ya mutu. Ya buɗe. Hoto 540 da 'yan kai, da bidiyo guda bakwai gajeru.

Ban yi barci ba ranar sai wajen ƙarfe biyu. Akwai hotunan Mina da tantuna, rabinsu sun karkace don lokacin bai iya riƙe ta ba, wani ma yatsansa ya rufe gefe. Akwai sunan ita wannan ƙanwar ɗiyar Addan tawa, ga rago a rataye, ga Baffa da wuƙa yana dariya haƙoran nan duk goro. Akwai hawan Sallah a ƙofar fada, a shekarun farkon sarautar Mai Martaba Sarkin Bauchi Rilwanu Suleiman Adamu wanda ya hau a 2010, dawakai sun taso ƙura ta turnuƙe, wani ɗan lifidi ya fito tar a tsakiya kaman shi kaɗai aka je ɗauka. Akwai wata rana da ya kwashe mu yara da jikoki zuwa kabarin Tafawa Balewa, duk mun jeru a bakin ƙofa rana na dukan idanunmu kowa ya yamutsa fuska. Amma wanda ya tsayar da ni shi ne hoton Dada, mahaifiyar Baba. Tana zaune kan tabarma a gindin bangon ɗakinta tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ma san ana ɗaukarta ba, ta ɗan sunkuyar da kai, hasken la'asar ya bugi gefen fuskarta, tsagen da ke gefen bakinta ya fito ɗaya bayan ɗaya, zoben azurfan nan nata da ya shige cikin yatsa don daɗewa, har ƙwayar shinkafar da ta maƙale a bayan hannunta ana gani. Ni a duniya ban san akwai wannan hoton ba. Duk dangi abin da muke da shi na Dada shi ne wani fasfo ɗaya da aka yi mata na katin zaɓe, ta ƙame kaman an tsorata ta.

Sai bidiyo. Hotonsa ba wani kyau, 640 da 480 ne girmansa, in ka buɗe shi ya cika sikirin duk sai ya dishe. Na Yankari ne, farkon 2011, lokacin rani da ake cewa an fi ganin dabbobi don duk suna saukowa kogin Gaji shan ruwa. Muna bakin ruwan Wikki, ruwan nan garai-garai mai ɗumi da ba ya sauyawa rani da damina, digiri 31, kana hango yashin ƙasa, mu kuma muna ta tsalle a ciki. Ba a ganin Baba sam tunda shi ke riƙe da kyamarar, sai muryarsa kawai, yana cewa "kai ku fito haka nan, ku kula da biran nan kar su ɗauke ledar abincin", sai ya yi dariya, sai ya yi 'yar gyaran muryar nan tasa, sai bidiyon ya yanke. Daƙiƙa 38. Na maimaita shi ban san adadi ba. Na riga na fara manta yadda muryarsa take, wannan ne abin da ya fi yi min ciwo, ina tuna maganganunsa amma sautin ya fara ɓace min, sai ga shi wani ɗan kati da bai fi kan sarki girma ba ya riƙe min shi shekara da shekaru a cikin safa.

Toh daga nan ne na zauna na yi lissafin wayoyina. Daga rasuwar Baba zuwa yau na riƙe waya biyar. Ɗaya an zare min ita a Keke Napep ranar wata kasuwa, ɗaya ta faɗa bokitin wanki, ɗaya sikirin ya mutu na kai gyara wurin wani yaro, da na dawo ya ce ai sai da ya yi mata fomat kafin ta tashi, bai tambaye ni ba bai kira ni ba, hotunan haihuwar ɗana na fari duk suna ciki. Na tsaya a shagon ina kallonsa na rasa abin faɗa. Abin da ya rage min na shekarun nan sai 'yan waɗanda aka tura a guruf ɗin dangi na WhatsApp, su ma WhatsApp ya matse su ya rage musu inganci, in ka ce za ka wanke su babba sai fuskokin su narke. Na san za a ce ai da ka ajiye a Google, gaskiya ne, amma mu faɗi tsakani da Allah mutum nawa ne a cikinmu ke tuna fasuwod ɗin imel ɗin da mai shago ya buɗe masa ranar da ya sayi waya, kuma wa ke barin data a kunne don hotuna su hau sama. Na ɗauki dubban hotuna da waya, wanda ya tsira bai kai na katin Baba ɗaya ba.

Ban ce kyamarar aljihu ta fi waya komai ba, kar a fahimce ni a karkace. Da na samo batir na fara gwada su gefe da gefe, kuma da daddare in ba filas waya ta yi mata fintinkau, ba ma a haɗa ba. Sensar da ke cikin irin waɗannan ƙananan, wato ɗan allon da haske ke sauka a kai, ba ta kai faɗin farcen ɗan ƙaramin yatsa ba, da magariba ta yi sai hoton ya cika da yashi-yashi. Waya ita kuma dabara take yi, in ka danna sau ɗaya hotuna da yawa take ɗauka a jere ta haɗe su ta goge nan ta ƙara haske can, kafin ka ƙifta ido ta miƙo maka. Wannan dabarar ce alherinta kuma ita ce matsalata da ita. Na ɗauki Inna da wayata, sai ga fuskarta ta yi sumul ta yi fari kaman an shafe ta da hoda, layukan goshinta duk sun tafi, na kashe duk wani filta da na sani amma har yanzu akwai hannun waya a ciki. Na ɗauke ta da kyamarar Baba sai ga Innata yadda na san ta, baƙinta mai kyau, da gajiyarta, da kwallin idonta. Da a ce da waya aka ɗauki Dada ina tsoron da tsagen nan nata an share rabinsa.

Akwai abu biyu da ƙaramar kyamara ke yi waɗanda yawancin wayoyinmu na nan ba sa yi. Na farko jawo abu kusa na gaskiya. Idon nan da ke turowa waje gilasai ne ke matsawa a ciki, in ka ja zum sau uku toh da gaske abin ya matso sau uku ba tare da hoton ya lalace ba, wasu ma irin Panasonic Lumix TZ ko Sony Cyber-shot HX suna ja sau goma, sau ashirin har talatin kuma duk suna shiga aljihun kaftani. Wayar da ba ta da ido na musamman don nesa kuwa yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta buɗa shi, shi ya sa in ka ja ɗan doki daga nesa a wurin hawa sai ya koma kaman zanen ruwa. Duk wanda ya taɓa shiga motar zagayen daji a Yankari ya hango giwa ko gwanki can tsallaken fadama ya ɗaga waya ya san abin da nake faɗi. Na biyu filas. Na kyamara kwan zenon ne, walƙiya ce guda mai ƙarfi da ba ta kai ƙiftawar ido ba, tana daskarar da motsi, tana fito da kalar atamfa da leshi da ƙyallin sarƙa, bayan mutum kuma ya yi duhu. Na waya tocila ce kawai. Wannan hasken filas ɗin shi ne abin da yaran yanzu ke kira "rai", shi ne kamannin hotunan bikin da muka taso muna gani a albam. Sai dai ba ya wuce taku huɗu zuwa biyar, in ka tsaya nesa a wurin kamu ko dina ka harba, ƙeyar wanda ke gabanka kawai za ka haska.

Amma babban bambancin a wurina ba a gilashi yake ba. Kyamara aiki ɗaya ta sani. In ta shiga hannunka ba kira, ba saƙo, ba wanda zai ce ka tura masa yanzu-yanzu, ba ka tsayawa duba wa ya yi laik. Kuma hoton yana sauka a kati, katin yana zaune a gida, ba ya bin ka kasuwa balle a zare shi. Baba bai san komai ba game da ajiyar bayanai, ya dai ɗauka ya mayar cikin safa, shikenan.

Na ɗan bi tarihin abin don ya ba ni sha'awa. Wani injiniya a kamfanin Kodak, Steven Sasson, shi ya fara haɗa kyamarar da ba ta amfani da fim a 1975, nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hoton baƙi da fari, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Casio ta fito da QV-10 a 1995 mai ɗan sikirin a baya da za ka ga abin da ka ɗauka nan take, Sony ta fara Cyber-shot a 1996, Canon ta fito da IXUS ta dijital ta farko a 2000. Irin sensar da ke cikin ta Baba, CCD, waɗanda suka ƙirƙiro ta tun 1969 an ba su kyautar Nobel ne a 2009, shekarar da ya saya. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamara sama da miliyan 120 a shekara ɗaya, zuwa 2023 abin ya dawo ƙasa da miliyan 8, waya ta cinye kasuwar. Ita kanta Kodak a farkon 2012 ta shiga kotu neman kariya daga masu bin ta bashi. Mu nan mun ga abin da idonmu ba sai an ba mu labari ba, masu hoto da ke cika wurin biki da suna, a ɗauke ka kafin a tashi an wanko an kawo kana biya, yanzu sai ɗaiɗai, situdiyo da yawa sun koma buga fasfo da fotokwafi.

Neman batir kuwa sai da na sha yawo. Na zaga shagunan kayan waya na wajen Wunti, wanda na nuna wa sai ya juya shi ya ce wannan na wace waya ce. Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya ce min in daina cewa batirin kyamara, in karanta lambar da ke jikinsa in nema da ita. NB-6L aka rubuta. Da lambar na samu a intanet wurin wani a Legas, aka sako min a mota ya kwana uku. Caja ba mu gan ta a adaka ba, sai na yi amfani da cajar nan mai haƙora biyu da ake matse batir a ciki irin ta zamanin Nokia, ka daidaita haƙoran da bakin batirin ka ga wuta ta kawo, ta yi aiki lafiya. Da na sa na danna, idon ya turo waje da 'yar ƙarar nan zzzt, Inna daga tsakar gida ta ɗago kai ta ce "la ilaha illallahu, kaman Alhaji ne ya shigo."

Tunda ɗiyar Adda ta je makaranta da labari ƙawayenta ke aiko ta da tambaya, wacce za su saya, nawa ne, a ina. Abin da na fara ce mata shi ne kafin kowa ya fitar da kuɗi ya je gida ya tambayi iyayensa, gidaje da yawa a garin nan akwai irin ta a durowa ko saman wadrob, musamman gidan da aka je Hajji ko Umara ko Dubai tsakanin 2005 da 2013, ko gidan ma'aikacin da ya taɓa zuwa kwas waje. In an samu kar a yi gaggawar goge katin, a fara kwashe abin da ke ciki a ajiye wuri biyu. Wannan na nanata mata har ta ce Kawu na ji.

In kuma saye za a yi na hannu, toh a kunna a kashe sau biyar ko shida a gaban mai sayarwa ana sauraron idon. In yana tsayawa a hanya, ko yana gurnani, ko ya fito a karkace, a bar ta komai arhar ta, ciwon da ke kashe irin waɗannan kenan kuma gyaransa ya fi kuɗinta. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama a ja zum har ƙarshe, in akwai ɗigon duhu da ba ya motsi ƙura ce ta shiga ciki. A leƙa gidan batir, in ya yi tsatsa ko wani farin gari-gari toh batir ya taɓa zuba. A harba filas a ga ya kawo. Sannan kati, nan ne mutane ke faɗawa: tsofaffin Sony da yawa Memory Stick suke ci ba SD ba, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, waɗannan katunan yanzu samunsu wahala ne ga tsada. Ko mai cin SD ɗin ma in ta girmi 2006 yawanci ba ta karanta abin da ya wuce giga 2, waɗanda suka biyo baya masu SDHC suna kaiwa 32, in ka sa mata 64 ko 128 sai ta ce kati ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Ni da za a bi ta tawa, a yanayin wutarmu, mai cin batir AA irin Canon PowerShot jerin A ta fi kwanciyar hankali, ko a Alkaleri ko Dindima batir ya ƙare maka za ka samu a shago, sai dai na rediyo mai arha ba ya ɗaukarta, hoto goma ya mutu, gara a sayi masu caji guda huɗu ana juyawa.

Akwai kuma sababbin da suka cika intanet yanzu, marasa suna, kala-kala masu kyau a ido, an rubuta megafiksel 48 ko 64 da 4K a kwali. Wata ƙawarta ta saya ta kawo min in gani, robar banza ce mara nauyi, idon ba ya motsi ko kaɗan, filas ɗin tocila, hoton kuma ƙaramin hoto ne aka hura shi ya kumbura don lambar ta yi yawa. Ta Baba megafiksel 10 ce kuma ta fi ta nesa ba kusa ba, ta isa a wanke hoto babba a sa a firem. Yarinyar ta ba ni tausayi don kuɗin da ta tara ne. Masu kuɗi a hannu da ke son bidiyo mai kyau na YouTube ko tallan kaya, akwai irin Sony RX100 da aka fara a 2012 mai babbar sensa, da Canon G7 X, da 'yar DJI Osmo Pocket mai kai da ke juyawa yana hana girgiza, amma waɗannan wani aji ne daban, kuɗinsu ya fi na wayar yawancinmu, ba su nake magana ba.

Hunturu shi ne babban abokin gabarta a nan. Ƙurar nan mai laushi da ke sauka daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga tsakanin zobban idon ta cije, shi ya sa dabarar safar Baba ba wasa ba ce, ni ma yanzu a safa nake sa ta sannan in sa a 'yar jaka. Kar a sa ta tsirara a aljihu ɗaya da makulli da ɓawon gyaɗa, kar a goge gilashin da bakin riga, kar a bar ta a mota cikin zafin Afrilu, kuma in za a daɗe ba a taɓa ta ba a cire batirin. Tura hoto zuwa waya kuma ba wuya, ɗan kad rida mai bakin da ya dace da wayarka ka saya, ka zura katin ka kwafa, amma kwafa na ce ba kwashewa ba, a bar na katin a katin, in ya cika a sayi wani a rubuta shekara a jikin tsohon a ajiye.

Abu ɗaya na ja mata kunne a kai sosai kafin in ba ta aro. Kyamara ba kaman waya ba ce, in ka ɗaga ta kowa ya san hoto za ka ɗauka, kuma wannan alheri ne, sai ka nemi izini. A wurin biki ɓangaren mata akwai wacce ta cire mayafi don ta san mata ne zalla, akwai matar auren da mijinta bai yarda hotonta ya fita ba, akwai tsohon da bai son hoto sam don fahimtarsa ta addini, duk a kiyaye. Na lura a hotunan Baba 540 ɗin nan babu ko ɗaya da zai kunyata wani, kuma babu wanda ya taɓa fita daga gidanmu. Na ce mata ba duk abin da aka ɗauka ake ɗorawa ba, wani na gida ne. Ta ce toh Kawu, in sha Allah. Na ba ta sati biyu, ta dawo da ita da hotunan ƙawayenta a Yelwa suna cin masa da miyar taushe, filas ya haska man da ke yatsunsu, suna dariya baki buɗe ba wanda ya gyara tsayuwa. Sun yi kyau, gaskiya sun yi kyau. A ciki har da guda huɗu na Inna tana tankaɗe, ban sa ta ba, ita ta ga dama ta ɗauka.

Satin da ya wuce na zaɓi talatin daga katin Baba na kai situdiyo aka wanke min, na Dada na ce a yi shi babba. Na kawo wa Inna bayan la'asar tana kan darduma ba ta tashi ba. Ta goge hannunta a zani kafin ta karɓa, ta riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya tana nisanta su da ido tana kiran sunan kowa, wanda ya rasu ta ce Allah Ya jiƙansa, wanda ya girma ta ce ji ɗan nan yadda yake da. Da ta zo kan na Dada ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta sa yatsa a gefen hoton, ba kan fuskar ba, ta ce "ka ga faifan nan, ni na saƙa mata shi ina amarya." Sai ta ce in koma in wanko guda biyu, ɗaya na Baffa, ɗaya a ba direba ya kai wa Goggo a Misau kafin azumi, kuma in zo da laftof ɗin da daddare in kunna mata na Yankari, amma in bari sai yara sun yi barci.